Yadda Muryar Baba Dauda Ta Ɓace a Kwamfuta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai, wanda Ya ba mu harshen magana, Ya kuma ba mu kunnen sauraro.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Muryar Masaƙa, Alhaji Bello Kudenda; masu girma masu unguwannin da suka amsa gayyata; malamanmu limamai da iyayenmu fastoci; uwarmu Mama Chinwe, shugabar matan ƙungiya; iyayenmu maza da mata da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a gaban injin kaɗi da injin saƙa; ɗalibaina da ke tsaye can baya saboda kujeru sun ƙare; jama'ar Kakuri, da Trikania, da Kudenda, da Unguwar Sanusi, da duk wanda ya tsallako gada don ya zauna tare da mu: assalamu alaikum, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni dama in tsaya a gaban waɗanda suka haife ni. Ina kuma godiya ta musamman ga dattawan da suka zo alhali ransu a ɓace yake, domin wanda aka ɓata wa rai, ya kuma yarda ya zo ya saurara, ya riga ya yi rabin alheri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Saratu Jonathan. Ina koyar da aikin kwamfuta a wata 'yar cibiya a Unguwar Sanusi. Ban taɓa riƙe zare ba, amma shinkafa da waken da mahaifiyata ta sayar a ƙofar masaƙa su ne suka kai ni makaranta, don haka ni ma 'yar masaƙa ce. An kira ni ne bayan ɓarna ta auku, aka ce in duba abin da ya faru, in gyara abin da zai gyaru, sannan in zo in yi wa jama'a bayani. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗi abin da na gani yadda na gan shi, ko da zai yi ɗaci.

Kun san abin da ya sa aka kafa wannan ƙungiya. Tun da masaƙu suka yi shiru, mutanen da suka raya su suke tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da labarinsa a cikinsa. Sai ƙungiya ta ce a bi dattawa gida-gida da rikoda, a ɗauki muryoyinsu, a adana, domin jikokin da ba su taɓa jin jiniyar canjin aiki ba su ji daga bakin waɗanda ta tasa daga barci. Masu aikin sa-kai suka fita. Dattawa suka shimfiɗa musu tabarma, suka buɗe musu baki, wasu har suka faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa 'ya'yan cikinsu ba.

Cikin waɗanda aka ɗauka akwai Baba Dauda, mutumin Filato, wanda ya zauna a nan Trikania, makanikin injin saƙa. Bayansa kuma aka ɗauki amininsa, Baba Dalhatu, wanda ga shi nan zaune a sahun gaba. Duk wanda ya yi aiki a sashen saƙa ya san su. Ɗaya yana zuwa coci, ɗaya yana zuwa masallaci, amma akwatin sifana ɗaya suke buɗewa, kwano ɗaya suke sa wa hannu. Ba a jima da ɗaukar muryar Baba Dauda ba, Allah Ya yi masa rasuwa.

Bayan an share makoki, 'yarsa Joy ta zo ofishin ƙungiya, Baba Dalhatu ya rako ta. Ta ce, "Don Allah a sa mini muryar babana a waya, in kai wa Mama da yara." Aka kunna kwamfuta, aka buɗe foldar ajiya, inda ake zaton muryoyin dattawa suna nan jere da sunayensu. Me aka tarar? Fayil 'yan ƙalilan. Ɗaya sunansa Baba. Ɗaya sunansa Mama. Ɗaya Malam, ɗaya Alhaji, ɗaya Hajiya, ɗaya Oga. Iyakarsu ke nan. Aka danna wanda ake kira Baba, sai muryar Baba Dalhatu ta fito tana sallama.

Waɗanda suke wurin sun ce ya saurara kaɗan, sannan ya ce, "Wannan ai ni ne. Ina Dauda?" Da aka yi masa bayani cewa muryarsa ce ta hau kan ta abokinsa ta shafe ta, sai ya ce, "Ashe ni na danne shi." Ya ɗauki sandarsa ya fita. Tun daga ranar ya aiko cewa a goge tasa muryar ita ma, kuma ba zai sake magana a gaban rikoda ba. Sauran dattawa suka bi bayansa, aiki ya tsaya cak. Ban ga laifinsu ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wannan shi ne abin da ya tara mu. Ko dai dattawanmu su yarda su sake zama, ko kuwa mu naɗe tabarmar wannan aiki, mu goge ɗan abin da ya rage. Kafin ku yanke hukunci, hakkinku ne ku san yadda abin ya faru. Ba sihiri ba ne, ba maƙiyi ba ne, ba kuma lalacewar inji ba ce. Kun gyara injunan da suka fi wannan ɗaki girma, don haka layi ɗaya na rubutu ba zai gagare ku fahimta ba.

Masu ɗaukar murya ba dukansu suka saba da kwamfuta ba. Sai wani daga cikin masu sa-kai, da kyakkyawar niyya, ya rubuta musu ɗan gajeren umarni, irin wanda masu sana'armu ke kira shell script, ya sa masa suna ajiye. Ba zan ambaci sunan mutumin ba, kuma ina roƙon kada a neme shi. Ya yi kukan da ya ishe shi. Shi irin wannan rubutu tamkar ɗan saƙo ne marar tambaya. Abin da ka ce masa shi zai yi, abin da ba ka ce ba kuwa, ko gida na cin wuta ba zai waiwaya ba. Ga abin da aka rubuta nan a majigi:

cp $1 ajiya/$2

Abu na farko shi ne maganar abin da ake miƙa wa rubutun. In za ka yi amfani da shi, sai ka rubuta ajiye, ka biyo da sunan fayil ɗin da ke cikin rikoda, sannan ka biyo da sunan da kake so a adana shi da shi. Kowace kalma da ka miƙa masa, kwamfuta tana ba ta lamba. Wannan alamar dala da kuke gani, Mama Chinwe, ba ta canji ba ce, kada ki gyara zama. Dala da lamba ɗaya tana nufin kalmar farko, dala da lamba biyu tana nufin kalma ta biyu. Ita kuwa kwamfuta, duk inda ta ga tazara tsakanin kalmomi, a wurinta an gama abu ɗaya an shiga wani.

To, wanda ya rubuta wannan layi ya ɗauka za a riƙa rubuta suna guda, a ce Dauda, a ce Dalhatu. Ina tambayar wannan zaure: wane ɗa ne a garin nan na Kaduna zai zauna a gaban dattijo tun hantsi, ya sha ruwan gidansa, ya ji tarihin rayuwarsa, sannan ya dawo ya rubuta sunansa gatsau babu Baba a gaba? Babu shi. Ba a haife shi ba. Musulminmu da Kiristanmu, Bahaushe da Tibi da Ibo, duk tarbiyya ɗaya aka yi mana a wannan fanni. Saboda haka kowa ya rubuta Baba Dauda, Baba Stephen, Mama Abigail, Malam wane, Hajiya wance. Kwamfuta ta ɗauki Baba a matsayin kalma ta biyu, ta ɗauki Dauda a matsayin ta uku. Layin nan kuwa bai san da wata kalma ta uku ba. Ya riƙe Baba, ya yar da Dauda.

Ina so a ji ni da kyau a nan. Ladabi ba laifi ba ne. Ba zan tsaya a gaban iyayena in ce a koya wa yara kiran manya da sunansu tsirara don a faranta wa inji rai ba. Inji ne zai koyi ladabinmu, ba mu za mu koyi rashin kunyarsa ba. Duk wanda zai rubuta wa jama'a umarni, wajibinsa ne ya san bakin jama'ar, ya san yadda suke kiran junansu, kafin ya sa hannu a kan madannai.

Abu na biyu shi ne kwafa. Waɗannan haruffa biyu na farko, cp, su ne umarnin kwafa. Yana ɗaukar fayil daga nan ya sauke kwafinsa a can. Amma yana da wata ɗabi'a da ya kamata kowane ɗalibi ya ji tsoronta. In ya isa wurin ya tarar da wani fayil mai irin wannan suna, ba ya tsayawa, ba ya tambaya, ba ya ko tari. Sai ya kwashe abin da ke ciki ya zuba sabo, ya koma ya yi shiru kamar wanda ya yi aikin lada. A sana'armu, shirun kwamfuta yana nufin ta yi abin da aka ce, ba ya nufin abin da aka ce daidai ne. Haka aka yi ta yi. Kowane Baba ya hau kan Baban da ya gabace shi, kowace Mama ta hau kan Mamar da ta gabace ta. Masu aiki suna ganin shiru, suna cewa alhamdulillahi, suna cewa mun gode Allah, sai su share katin rikoda da muryar ke ciki don a sami wurin ɗaukar na gobe.

Na yi iya ƙoƙarina in dawo da abin da aka danne. Na kai kwamfutar da katin wurin Kelechi a Kakuri, wanda ya fi ni hannu a wannan fanni, muka tone su ciki da bai. Mun sami guntaye na wasu dattawa, kuma za a miƙa wa iyalansu. Na Baba Dauda ba mu sami ko kalma ɗaya ba. Joy, ƙanwata, na gaya miki wannan a gida, ina kuma maimaita shi a gaban jama'a don kada wani ya zo gobe ya yaudare ki da alkawari: muryar ta tafi, ba za ta dawo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai da wannan, har yanzu kuma bai daina ɓaci ba.

Abu na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne dubawa. Akwai tambaya guda da ake iya sa wa a gaban umarnin kwafa: shin akwai wani fayil mai wannan suna a wurin? In akwai, tsaya, kada ka taɓa. Rubuta wannan tambaya bai kai tsawon sallama ba, kuma sallamar ce. A gidajenmu, ko ɗakinka ne, in ka ga labule a sauke sai ka yi gyaran murya kafin ka ɗaga. Da an sa wannan tambaya, da ranar da aka zo adana Baba na biyu kwamfuta ta ƙi, da an gane kuskuren tun ba a rasa komai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan bangonmu ya tsage.

Kada kuma mu ɗora wa mutum ɗaya dukan kayan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. An yi watanni ana zuba muryoyi a folda, ba a sami wanda ya buɗe ta ya saurara ba. An yarda da abin da ba a gwada ba, saboda an ga baƙin allo da farin rubutu, an ɗauka duk wanda ya iya wannan ba ya kuskure. Ku da kuka yi aiki a sashen duba yadi, kun san ba a taɓa naɗe bandir a fitar ba tare da an ware shi a gaban fitila ba.

Yanzu ga abin da aka gyara, ni da ɗalibaina. Sabon rubutun, kafin ya motsa, yana ƙirga abin da aka miƙa masa. In ya ga ya wuce biyu, sai ya tsaya ya ce da Hausa, "Sa sunan a cikin alamar zance." Alamar zance ita ce ke ɗaure Baba da Dauda su zama suna guda, yadda ko kwamfuta ba ta isa ta raba su ba. Bayan haka yana duba ko fayil ɗin da za a kwafa yana nan, kuma ba fanko ba ne. Sannan ya leƙa wurin da zai sauke. In ya tarar da mai irin sunan, sai ya ja da baya ya ce, "Akwai wani a nan, ban taɓa shi ba." In ya kwafa, sai ya gwada kwafin da na asali har ya tabbata babu bambanci, ya kuma sauke kwafi na biyu a wata ma'ajiya da za ta riƙa kwana a wani gida dabam. Katin rikoda kuwa, ba inji ne zai ba da izinin share shi ba. Sai mai muryar ko wani nasa ya saurara da kunnensa ya ce, i, ni ne, ko kuwa, i, babana ne.

Ban ce ku yarda da ni don na faɗa ba. Yarda ba tare da gwaji ba ita ce ta kawo mu nan. Ga kwamfuta can a kan tebur. In an tashi, duk mai so ya zo ya yi ƙoƙarin danne wani fayil da gangan, ya gani da idonsa ko za ta yarda. Na sa ɗalibaina sun yi ta kai mata hari ta kowace kusurwa. Vicky, wadda ko ƙofar aji ba ta iya rufewa ba tare da ta karya wani abu ba, ita ma ta gwada ta gaji.

Ku ɗalibaina, ku riƙe wannan ko bayan kun manta da fuskata. Fayil ba suna ba ne kawai a kan allo. Wani hoton auren wata ne, wani sakamakon asibitin wani ne, wani kuma muryar mahaifin wata ce. Ku tambayi kanku kafin ku danna: me aka miƙa mini, yana nan kuwa, wa zan tarar a inda zan sauke? Matambayi ba ya ɓata, kuma ba ya ɓatar da kayan mutane.

Mai girma shugaba, ka ba ni izini in juya ga mutum ɗaya.

Baba Dalhatu, Allah Ya ƙara maka lafiya. Ni 'yarka ce, ban isa in yi maka wa'azi ba. Amma an ce in faɗi gaskiyar abin da na gani, kuma ga ta: ba kai ka danne shi ba. Kai dai ka zauna a ƙofar gidanka, aka tambaye ka, ka amsa. Da an fara zuwa wurinka kafin a je wurinsa, da tasa ce ta hau kan taka, da yau shi ne yake zaune a nan yana zargin kansa, kai kuma ka san ba za ka yarda ya yi hakan ba.

Ka ce a goge muryarka. Muryarka ce, hakkinka ne. In an tashi daga taron nan ka sake cewa a goge, ni da hannuna zan goge ta a gabanka, ba zan ɓoye kwafi a ko'ina ba. Sai dai akwai saƙon da aka ba ni in isar. Joy ta ce in gaya maka a gaban jama'a, domin in ta zo gabanka kuka ba zai bar ta ta faɗa ba. Ta ce, "Ki ce wa Baba, ni a gida kawai na san babana. Da safe ya fita, da yamma ya dawo da auduga a gashinsa. Ban san shi a bakin inji ba. Ban san abin da ke ba shi dariya a wurin aiki ba, ban san ranar da ya ji tsoro ba. Baba ne kaɗai ya sani. In ya yi shiru, yarana ba su da inda za su je su tambaya."

Baba, da safiyar nan na zauna a gaban sabon rubutun, na miƙa masa suna a cikin alamar zance: "Baba Dauda, daga bakin amininsa Baba Dalhatu." Ya karɓi sunan gaba ɗayansa, bai yar da ko harafi ba. Ya leƙa ma'ajiya, ya dawo ya ce babu kowa a wurin. Gaskiya ya faɗa. Wurin yana nan babu kowa, kuma duk faɗin Kaduna babu mai iya cika shi sai kai. Ba ma neman amsa yanzu. Rikoda tana hannun Joy, ita za ta riƙe ta da kanta, kuma ta san hanyar gidanka.

Allah Ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba iyalansu haƙuri. Allah Ya sanyaya zuciyar iyalan Baba Dauda, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, Ya sa mu amfana da su tun suna tare da mu. Allah Ya ba matasanmu ilimi mai amfani da hannu mai taka-tsantsan. Allah Ya tsare mu daga ɓata amanar da aka danƙa mana, da saninmu ko ba da saninmu ba. Allah Ya zaunar da Kaduna lafiya, kudu da arewacin kogi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.